Ciwon daji: Muhawara kan majiyyacin da ya daina cin abinci

A shekara ta 2023 ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka, wadda aka fi sani da ASCO, ta yi wa ƙa'idojinta kwaskwarima game da yadda za a taimaki majiyyacin da cutar ta yi nisa a jikinsa har ya daina sha'awar abinci.

Shekaru uku kafin nan, ƙungiyar ta ce hujjojin da ke ƙasa ba su kai ƙarfin da za ta tsayar da magani guda ta ce shi za a riƙa bayarwa ba. Abin da ya sa ta sauya matsayi shi ne wani bincike da aka gudanar a asibitin koyarwa na gwamnati da ke birnin Puducherry a kudancin Indiya, a kan wata tsohuwar ƙwaya mai arha wadda tun asali domin masu taɓin hankali aka yi ta.

A shekarar da ta biyo baya kuma, kamfanin harhaɗa magunguna na Pfizer ya bayyana sakamakon gwajin wata sabuwar allura da ta sa irin waɗannan majiyyata suka ƙara nauyi cikin makonni 12.

Labaran biyu sun sake ta da wata daɗaɗɗiyar muhawara wadda aka fi tafkawa a gefen gadon marar lafiya fiye da a ɗakin taron likitoci: shin mutumin da ciwon daji ya ramar yunwa ce ke cinsa, kuma shin ɗura masa abinci zai maido masa da ƙarfi?

Batun ya shafi jama'a masu ɗimbin yawa. Alƙaluman cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa sun nuna cewa a 2022 mutane kimanin miliyan 20 ne suka kamu da cutar a duniya, kusan miliyan 10 kuma suka rasu. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta sabbin kamuwa kusan 128,000 da mace-mace kusan 80,000 a wannan shekarar. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ƙarama ce, kuma babban dalili shi ne mafi yawan majiyyata ba sa isa asibitocin koyarwa na Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri sai cutar ta riga ta yaɗu. A wannan mataki, rashin cin abinci na daga cikin abubuwan da suka fi tayar wa iyali hankali, wani lokaci ma fiye da ciwon kansa.

Yunwa daban, rama daban

Idan lafiyayyen mutum ya rasa abinci, jikinsa yakan yi tattali. Yakan rage yawan ƙarfin da yake ƙonawa, ya koma cin kitsen da ya tara, ya yi iya ƙoƙarinsa ya kare tsoka, ƙwaƙwalwa kuma ta yi ta tsikarar sa da jin yunwa. Da zarar abinci ya samu sai jiki ya murmure.

A jikin mai ciwon dajin da ya yi nisa, wannan tsari ne yake birkicewa. Ƙarin da kansa, da kuma garkuwar jikin da ke faɗa da shi, suna sakin wasu sinadarai a cikin jini. Wasunsu kan je ƙwaƙwalwa su sanar da ita cewa ciki a ƙoshe yake alhali ba komai a cikinsa. Wasu kan narkar da tsoka da kitse a lokaci guda. A jikin majiyyata da dama ma, ƙarfin da ake ƙonawa a kwance yakan ƙaru maimakon ya ragu. Likitoci na kiran wannan yanayi kakeksiya, kalmar da ta samo asali daga harshen Girka da ma'anar mummunan hali na jiki.

A 2011 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa a ƙarƙashin Farfesa Kenneth Fearon na jami'ar Edinburgh ya tsayar da ma'aunin gane ta: wanda ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin watanni shida ba tare da ya nemi ragewa ba, ya shiga wannan hali. Wato mai nauyin kilo 60 da ya zubar da fiye da kilo 3. Abin da ya fi muhimmanci a bayanin kwamitin shi ne cewa rama ce wadda ciyarwa irin ta yau da kullum ba ta iya gyara ta gaba ɗaya. Zuba abinci a irin wannan jiki ya yi kama da zuba ruwa a tulun da ya huje.

Ba dukkan nau'o'in cutar ne ke ramarwa daidai ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1980 kan majiyyata 3,047 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na masu ciwon dajin tumbi sun riga sun fara ramewa tun kafin a soma yi musu magani, haka ma fiye da kashi 80 na masu ciwon pankiriyas, wato gaɓar da ke samar da sinadarin insulin. Ramar ba ta kai haka yawa ba a masu ciwon dajin mama. A kusan kowane rukuni kuma, waɗanda suka rame sun riga sauran rasuwa.

Wani abin sha'awa shi ne, shanun Afirka na da hannu a gano sirrin wannan al'amari. A shekarun 1970 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Anthony Cerami, ya lura a Kenya da yadda shanun da suka kamu da sammore, cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa, suke ƙanjamewa ƙwarai alhali ƙwayoyin cutar da ke jininsu ba su taka kara sun karya ba. Ya yi zaton jikin dabbar ne da kansa ke fitar da abin da ke ramar da ita. A 1985 shi da abokin aikinsa Bruce Beutler suka nuna cewa sinadarin da suke nema shi ne wanda ake kira TNF, ɗaya daga cikin makaman garkuwar jiki. Duk makiyayin da ya taɓa ganin saniya mai sammore tana tsaye a cikin ciyawa tana ramewa, ya ga irin abin da likitoci ke magana a kai.

Ƙarin ruwa da robar hanci

Abu na farko da dangi kan nema idan majiyyaci ya ture kwano shi ne a yi masa ƙarin ruwa. A wurare da dama ana ɗaukar ledar ruwan da ke rataye a gefen gado a matsayin shaidar cewa ana yin wani abu, kuma asibiti ko ɗakin shan maganin da ke karɓar kuɗi a kan kowace leda ba shi da dalilin musantawa.

To sai dai ruwan da aka saba ɗaurawa ba abinci ba ne. Lita guda ta ruwan sukari da aka fi amfani da shi ba ta ɗauke da ƙarfin da ya kai na kofi biyu na kunun gyaɗa, ruwan gishiri kuwa ba shi da ko kaɗan. A 2013 wasu likitoci a birnin Houston na Amurka ƙarƙashin Dokta Eduardo Bruera suka buga sakamakon gwaji kan majiyyata 129 da ke matakin ƙarshe na cutar. An riƙa ba rabinsu lita guda ta ruwa a kullum, sauran kuma ɗan abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Ba a ga bambanci tsakaninsu ba a gajiya, ko jin daɗin jiki, ko tsawon kwanakin da suka yi a raye. Gwajin bai haɗa da waɗanda jikinsu ya bushe ƙwarai ba, don haka mai fama da gudawa ko amai mai tsanani hukuncinsa daban ne. Amma ga wanda jikinsa ya riga ya raunana, ruwan da ya wuce kima kan taru a ƙafafu da ciki da ƙirji, ya ƙara masa wahalar numfashi.

Haka abin yake ga abincin da ake ɗurawa ta jijiya. Wani gwaji da aka yi a Faransa aka buga a 2020 ya nuna cewa bai inganta rayuwar masu ramar ciwon daji ba, bai kuma ƙara musu kwanaki ba, sai dai ya ƙara yawan matsaloli masu haɗari, musamman shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Wannan ne ya sa ƙa'idar ASCO ta 2020 ta ce kada a mai da ɗura abinci ta roba ko ta jijiya al'ada ga irin waɗannan majiyyata.

Akwai togaciya mai muhimmanci a nan, wadda rashin fahimtarta kan iya cutar da wani. Mutumin da ƙari ya toshe wa maƙoshi, ko wanda gashin da ake yi masa a wuya ya hana shi haɗiya, yana jin yunwa ta gaske, hanya ce kawai ta toshe. Irin wannan robar ciyarwa na amfanar sa, musamman idan ana sa ran maganin da ake yi masa zai yi aiki. Tambayar da likita ya kamata ya fara amsawa ita ce: majiyyacin ya kasa ci ne, ko kuwa jikinsa ne ya daina nema?

Game da fargabar da ta fi damun iyali, wato cewa ɗan'uwansu na mutuwa da azabar yunwa, akwai wani ɗan ƙaramin bincike da ake yawan kafa hujja da shi. A 1994 likitoci a birnin Rochester na jihar New York suka bi diddigin majiyyata 32 da ke cikin hayyacinsu har zuwa rasuwarsu. Ashirin daga cikinsu ba su taɓa cewa suna jin yunwa ba, 11 kuma a farko kawai suka ji. Ƙishirwa da bushewar baki sun fi yawa, kuma an shawo kansu da kurɓin ruwa, da ƙanƙara, da shafa mai a leɓe.

Abin da ake iya gyarawa

Kuskure ne kuma a ɗora kowane rashin ci a kan ramar daji a naɗe hannu. Sau da yawa akwai wani dalili na biyu da ke da magani mai sauƙi, wanda ba a gano shi sai an buɗe bakin majiyyaci an duba, an kuma yi masa tambayoyi.

Farar ƙurar da kan lulluɓe harshe da dasashi tana sa haɗiya ta zama azaba, kuma kwanaki kaɗan na magani kan kawar da ita. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su morphine da tramadol suna ɗaure ciki, kuma wanda ya kwana biyar bai yi bayan gida ba ba zai kalli tuwo ba. Tashin zuciya, da ciwon da ba a danne ba, da ruwan da ya taru a ciki yana matse tumbi, da baƙin cikin da kan rufe mutum idan ya ji sunan cutarsa, duk suna kashe sha'awar abinci. Wanda ke ƙoshi daga loma biyu kan samu sauƙi da metoclopramide, tsohon magani mai arha da ke taimaka wa tumbi ya sauke abin da ke cikinsa.

Sai kuma dokokin da majiyyaci kan ɗora wa kansa ko a ɗora masa. Wasu masu sayar da maganin gargajiya, da saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, kan hana mai ciwon daji sukari da nama da madara da mai, da sunan za a kashe cutar da yunwa. Babu wani gwaji da ya nuna cewa hakan na hana ƙari girma. Abin da yake yi shi ne ya raba mutumin da ke ramewa da ɗan abin da ransa ke so.

Tsoffin magunguna biyu

Shekaru da dama likitoci suka yi suna dogaro da magunguna iri biyu.

Na farko shi ne dexamethasone. A 1974 Dokta Charles Moertel na asibitin Mayo da ke Amurka ya gwada shi a kan majiyyata 116 masu ciwon dajin ciki da hanji, ya ga yana buɗe musu ciki, yana kuma sa su ji ƙarfi. Amma bai ƙara musu nauyi ko kwanaki ba, kuma amfanin kan dushe bayan 'yan makonni. Idan aka daɗe ana sha sai ya juya ya zama abokin cutar: yana raunana tsokar cinya har mutum ya kasa tashi daga zaune, yana ɗaga sukarin jini, yana ƙwaƙule tumbi, yana kuma karya garkuwar jiki. Shi ya sa ƙwararru ke keɓe shi ga wanda ake ganin makonni ne suka rage masa, ko wanda ke son samun ɗan kuzari domin wani abu da ke gabansa, kamar auren 'ya ko tafiya gida.

A kasuwannin arewacin Najeriya da Nijar an san wannan ƙwaya ta wata fuskar, domin tana cikin waɗanda ake sayarwa barkatai da sunan sha-ka-fashe ga masu neman ƙiba. Haɗarin a bayyane yake. Dangi za su ga fuskar majiyyaci ta cicciko su ɗauka sauƙi ne ya zo, alhali ruwa ne da kitse suka taru a sama, tsoka kuma na ci gaba da zaizayewa a ƙasa. Wanda kuma ya daɗe yana sha ya daina farat ɗaya yana iya faɗuwa cikin wani sabon hali. Ruwan maganin buɗe ciki mai ɗauke da cyproheptadine, wanda shi ma ya cika kantunan magani, an gwada shi a asibitin Mayo tun 1990 aka ga bai hana masu ciwon daji ci gaba da ramewa ba.

Na biyu shi ne megestrol, wanda ya yi kama da wani sinadarin jikin mata, kuma Amurka ta amince da shi a 1993 domin ramar masu cutar ƙanjamau. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta yi a 2013, inda ta tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ne ke samun ƙarin sha'awar abinci saboda shi, ɗaya cikin 12 kuma ya ƙara nauyi. Nauyin ma akasari kitse ne da ruwa. A ɗaya gefen kuma yana kumbura ƙafafu, yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, abin da ciwon dajin kansa ya riga ya share wa hanya.

A 2021 wasu likitoci a Ostireliya ƙarƙashin Farfesa David Currow suka haɗa magungunan biyu da ƙwayar wofi, wato wadda ba ta ɗauke da komai, a gwaji guda kan majiyyata 190. Bayan mako ɗaya, kusan kashi 80 cikin 100 na masu shan megestrol sun ce cikinsu ya buɗe, masu shan dexamethasone kimanin kashi 65. Amma kusan kashi 60 na masu shan ƙwayar wofi su ma haka suka ce, kuma bambancin bai kai yadda masana lissafi za su tabbatar da cewa ba dace ba ne. Wannan lamba ta ƙarshe abar dubawa ce. Tana nuna irin tasirin da kulawa, da tambaya, da sa rai ke yi a kan cin abincin marar lafiya, tana kuma bayyana dalilin da ya sa kowane mai tallar magani ke samun wanda zai yi masa shaida.

Wasu abubuwan da aka sa wa rai ba su kai labari ba. Gwajin da aka yi a Turai a 2006 kan majiyyata 243 bai nuna cewa sinadaran tabar wiwi sun fi ƙwayar wofi ba. Mirtazapine, maganin ciwon damuwa da likitoci da yawa ke bayarwa domin buɗe ciki, an gwada shi a jami'ar Alƙahira kan mutum 120 a wani bincike da aka buga a 2021, shi ma bai fi ta ba.

Ƙwayar da ta fito daga Indiya

Olanzapine ya shiga kasuwa a 1996 a matsayin maganin taɓin hankali mai tsanani, kuma babban abin da aka yi ta kuka da shi a kansa shi ne yana sa ci da ƙiba. Likitocin cibiyar JIPMER da ke Puducherry suka yi tunanin mai da wannan aibi ya zama amfani.

Sun ɗauki majiyyata 124 masu ciwon dajin tumbi da huhu da hanta da pankiriyas, waɗanda cutarsu ta yi nisa kuma suke shirin fara maganin kemo. An ba rabinsu miligiram 2.5 na olanzapine a kullum har makonni 12, abin da bai wuce rubu'in adadin da aka saba ba mai taɓin hankali ba. Sauran aka ba su ƙwayar wofi, kuma dukkansu an ba su shawarar abinci iri ɗaya.

A cikin 58 da aka auna a rukunin farko, 35 sun ƙara fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsu. A rukuni na biyu, 5 ne kacal cikin 54. Sha'awar abinci ta ƙaru a kashi 43 cikin 100 na masu shan maganin, a kan kashi 13 na sauran. Bugu da ƙari, waɗanda suka sha shi sun fi jure wahalar kemo. Da wuya a ga tazara irin wannan a fagen da aka saba da sakamako mai rauni, kuma kuɗin ƙwayar bai kai na kwalbar abin sha mai gina jiki da ake shigowa da ita daga waje ba.

Duk da haka akwai wuraren taka tsantsan. A asibiti guda aka yi gwajin. Majiyyatan na da sauran ƙarfin da za su karɓi kemo, don haka ba a kan wanda ya riga ya kwanta ba ya iya tashi aka gwada ba. An kuma san olanzapine da danne tashin zuciyar da kemo ke jawowa, saboda haka wani kaso na nasarar na iya zama daga nan ya fito. Sikeli aka hau, ba tsoka aka auna ba. Maganin yana sa barci da jiri, abin da kan iya ka da tsoho, yana kuma iya ɗaga sukarin mai ciwon suga. Ƙwaya ce da likita zai rubuta ya kuma bi sawunta, domin idan ta faɗa hannun masu tallar sha-ka-fashe wata sabuwar fitina za ta zama.

Sabbin magunguna masu tsada

Kamfanonin magunguna sun bi wata hanyar. Bayan da masana a Japan suka gano sinadarin ghrelin a 1999, wanda tumbi ke fitarwa ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa lokacin ci ya yi, an ƙera anamorelin domin ya kwaikwaye shi. A gwaje-gwaje biyu kan masu ciwon dajin huhu kusan 1,000 da aka buga a 2016, ya ƙara musu nauyi da tsoka, amma ƙarfin damƙar hannunsu bai ƙaru ba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da shi a 2017, Japan kuwa ta amince a 2021. Saɓanin ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: mene ne amfanin tsokar da ba ta ƙara wa mai ita ƙarfi ba?

Allurar Pfizer mai suna ponsegromab kuwa tana tare wani sinadari ne da ake kira GDF-15, wanda ke zuwa can ƙasan ƙwaƙwalwa ya kashe sha'awar abinci. Shi ne dai sinadarin da bincike ya danganta da matsanancin aman da wasu masu juna biyu ke yi lokacin laulayi. A sakamakon da aka bayyana a watan Satumban 2024, an gwada allurar kan mutum 187 masu ciwon dajin huhu da pankiriyas da babban hanji. Waɗanda aka ba adadi mafi yawa sun ɗara masu allurar wofi da kimanin kilo 2.8, kuma na'urar da aka ɗaura musu ta nuna sun ƙara motsi. Wannan ƙaramin gwaji ne na tsakiyar hanya. Ko da ya tsallake sauran matakai, magunguna irin wannan na daga cikin mafi tsada a duniya, kuma a ƙasar da mafi yawan majiyyata daga aljihunsu suke biyan kuɗin kemo, da wuya ya zama abin da talaka zai gani nan kusa.

A cikin gida

Bincike a Birtaniya da Suwizalan ya nuna cewa rashin cin abinci sau da yawa ya fi damun mai jinya fiye da majiyyacin. Ba abin mamaki ba ne. Matar da ta wuni a murhu ta kawo abin da mijinta ya fi so ya kau da kai, takan ji kamar ita aka ƙi. Dangin da suka zo dubiya kuma tambayarsu ta farko ita ce ko ya ci wani abu, kuma idan amsar a'a ce, ido kan koma kan mai jinya. Daga nan sai lallashi ya koma matsi, matsi ya koma ɗura. Marar lafiya kan ci don ya faranta wa mutane rai, ya amayar, ko ya ƙware abinci ya bi hanyar iska ya jawo masa ciwon huhu. Kwanakin da ya kamata a yi su cikin hira da addu'a da neman gafarar juna sai su ƙare a jayayya kan cokali uku na shinkafa.

Shawarar masu kula da irin waɗannan majiyyata ba ta da wuya. A riƙa ba da kaɗan-kaɗan a ƙaramin kwano sau shida ko fiye a yini, maimakon tulin abincin da ganinsa kaɗai ke ƙosarwa. A fi mai da hankali da safe, lokacin da ciki ya fi karɓa. A cusa ƙarfi a cikin ɗan abin da zai shiga: kunun gyaɗa da madara, fura da kindirmo, ƙwai, dabino, man shanu a cikin miya. Abinci mai sanyi ya fi sauƙi ga wanda ƙamshin girki ke tayar wa zuciya. Wanda nama ya koma masa da ɗanɗanon ƙarfe a baki kan karɓi kifi ko wake, ɗan tsamin lemo ko tsamiya kuma kan farfaɗo da harshe matuƙar babu gyambo a bakin. Ɗan tattaki a tsakar gida, ga mai iyawa, ya fi kwanciya taimakon tsoka. Idan ya ce ya ƙoshi, a ɗauke kwanon.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. A littattafan Tirmizi da Ibn Majah akwai ruwayar da ta hana tilasta wa marar lafiya ci ko sha, ko da yake malaman hadisi sun saɓa kan ƙarfinta. A Bukhari da Muslim kuma akwai ruwayar Nana A'isha game da talbina, wani kunu mai ruwa-ruwa na garin sha'ir da ake dama wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa.

Matsalar ita ce wa zai zauna ya yi wa iyali wannan bayani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 56.8 ne ke buƙatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi a kowace shekara, kuma kimanin kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu, duk da ƙudurin da babban taron hukumar ya zartar a 2014 na cewa ƙasashe su shigar da ita cikin tsarin lafiyarsu. A Najeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen irin wannan kulawa a 2007, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da manufa a kanta a 2021, amma sassan da ake da su na manyan asibitocin birane ne, alhali mafi yawan majiyyata a gida suke ƙarasa jinyarsu bayan an sallame su.

Olanzapine ma na da tasa ƙayar. Dangin da suka karanta takardar da ke cikin kwalin, ko mai kantin magani ya gaya musu na masu taɓin hankali ne, suna iya ɓoye shi ko su zargi likita da cewa ya ɗauki ɗan'uwansu mahaukaci, sai fa idan an riga an yi musu bayani. A inda ba a samun ƙwayar miligiram 2.5 kuma, dole a nuna musu yadda za su raba ta 5 gida biyu.

Uganda ta fuskanci irin wannan ƙarancin likitoci. Bayan da Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa cibiyar Hospice Africa a Kampala a 1993, ƙasar ta sauya dokarta a 2004 ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta morphine, kuma su ne ke bin majiyyata har gidajensu a ƙauyuka suna duba baki da ciki, suna zama da masu jinya.